Hawa Biyun da Ba a Gina Ba

Ranar Lahadin da ta gabata, a gidan abincin da muke haɗuwa a unguwar Al Qusais ta nan Dubai, wani matashi mai suna Mubarak, wanda bai daɗe da gama karatun injiniya ba, ya tambaye ni sana'ata. Na ce masa ni safiyo ne, ina awon ƙasa da tsayin gini. Ya ajiye cokali ya ce, "Baba Hamisu, wai har yanzu ana wannan aiki? Ai yanzu jirgi marar matuƙi ake tayarwa, cikin minti ashirin ya ɗauko komai, kwamfuta ta ƙarasa. Ku naku sa hannu ne kawai, khalas, shi ke nan." Abokansa suka yi dariya. Ban ba shi amsa a wurin ba, saboda abinci yana hucewa kuma amsar tana da tsawo. Ga ta nan a rubuce, gare shi da sauran samarinmu masu irin tunaninsa. Ya yi gaskiya cewa namu sa hannu ne. Zan faɗa masa abin da ke bayan sa hannun.

Aikina na farko yankan filaye ne a wata gona a wajen Kano, ƙarƙashin Malam Tanko, tsohon safiyo da ya fara aiki tun ana jan sarƙa wajen awon fili. Kayanmu a lokacin na'urar awo ce mai ƙafa uku, da sanda mai lambobi, da tef na ƙarfe, da adda, da turaku, da gwangwanin jan fenti, da lema. Ranar farko ya miƙo mini lemar. Na buɗe na rufe masa kai, don na ɗauka girmamawa ake nema. Ya ture hannuna ya ce, "Kai, ni na saba da rana. Na'urar za ka rufe. In gefe ɗaya ya yi zafi ƙarfen zai miƙe, ta yi mana ƙarya." Shekara biyu na yi ina riƙe lema da sanda kafin ya yarda in sa ido a na'urar.

A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne. Daga baya na gane riƙon sanda shi ne rabin sana'ar. Mai sanda ne ke zaɓar inda za a kira ƙasa. Na'ura ba ta san ƙasa ba. In ka kafa sandar a kan tushen dawa ko a gefen suri, za ta ba ka lamba mai kyau har da santimita, kuma lambar ba ta da amfani. Malam Tanko yakan bar na'urar ya tako mita ɗari a cikin rana don kawai ya ga inda na ajiye gindin sanda. Littafinsa na fili da fensir yake cika shi, amma ba ya yawo da magogi. In ya yi kuskure sai ya ja layi ɗaya a kan lambar, yadda za a iya karanta ta, ya rubuta ta gaskiya a gefe. Ya ce wanda zai zo bayanmu yana da haƙƙin ya ga inda muka kauce.

Aikin da ya fara koya mini Dubai wani sito ne a Dubai Investments Park, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce. Za a jera kantocin ajiya masu tsayi a ciki, don haka daɓen ba ya son ko kaurin kwali na bambanci daga bango zuwa bango. Na kafa na'ura da ƙarfe sha ɗaya na rana kamar yadda na saba a gida. Na leƙa, na ga lambobin sanda suna rawa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Iskar nan in ta ɗauki zafi ba ta barin haske ya tafi a miƙe. Awon ranar duka na ja masa layi. Tun daga nan aikin da ke son daidaito nakan fara shi da fitowar rana, in naɗe kaya kafin ƙarfe tara. Na'urorin yanzu suna auna nisa da haske, suna magana da tauraron ɗan'adam, suna ajiye lamba da kansu. Na yi aiki da dukkansu kuma ina yaba su. Har yau babu wadda ta daina jin zafi.

Masu ba mu aiki kuwa, galibinsu mutanen kirki ne, sai dai kowa yana son layinsa ya ɗan matsa. Wani mai sito ya taɓa bi na a fili da shayi a hannu, yana roƙo in tura masa turken iyaka taku ɗaya domin kwantena ta samu wurin juyawa. Na ce masa, "Ya Hajji, takun nan akwai mai shi, yana can bayan katanga." Ya ce ai maƙwabcin ba ya nan, yana ƙasarsu. Na sha shayin, na bar turken inda yake. Ya yi fushi wata uku, sannan ya kira ni in auna masa wani fili, don ya ce yanzu ya san wanda maƙwabci ba zai iya saye ba.

A kamfanin da nake wa aiki a Dubai na haɗu da Isufu, mutumin Maraɗi, sa'ana ne ko ya girme ni da shekara ɗaya. Ya karanta awon ƙasa da Faransanci a ƙasarsu, amma takardunsa ba su samu karɓuwa a nan ba, sai aka rubuta shi a matsayin direba. Shi ke tuƙa motar, shi ke riƙe sanda, kuma sau da yawa shi ke kama kuskurena kafin ya kai ofis. Yana kirana Shef, wato shugaba da Faransanci. In aiki ya yi zafi da Faransanci yake ƙirga.

Yanzu ga aikin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, tafiyar awa ɗaya da rabi daga birni ta gabas. Ba zan ambaci sunansa ba. Bayansa akwai wani babban dutse mai tsini, wanda mutanen wurin ke gane lokaci da inuwarsa. Shekara da shekaru dokar garin ita ce, tsakanin gari da dutsen ba a gini ya wuce hawa huɗu. Sai garin ya cika. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na otal suka rasa wurin zama, wasu daga birni suke zuwa kullum su koma. Hukumar garin ta zauna ta sassauta dokar. Sabuwar ta ce a yi tsayin da ake so, da sharaɗi ɗaya: mutumin da ke tsaye a wurare uku ya ci gaba da ganin ƙoƙuwar dutsen. Wuraren su ne bakin kasuwa, da kwanar shiga gari, da ƙofar babban masallaci.

An yi ta muhawara a kan wannan sassauci. Ni ba a tambaye ni ba, kuma ba hurumina ba ne. Na yi shekaru muna mu shida a gida ɗaya a unguwar Al Nahda, tagarmu tana kallon bangon wani, don haka ba na raina wanda ya ce a ƙara gidaje. Abin da na lura da shi na sana'a ne. Tsohuwar doka ba ta buƙatar safiyo, kowa zai iya tsayawa ya ƙirga hawa huɗu. Sabuwar kuwa iyakarta wani layi ne a cikin iska, daga idon mutum zuwa tsinin dutse, babu mai ganinsa, kuma duk mai gini yana son ya kai kansa har ya taɓa shi. Da aka sassauta dokar, dutsen gaba ɗaya ya dawo kan lambar da safiyo ya rubuta.

Gini na farko da ya nemi izini a ƙarƙashin sabuwar dokar ya zo hannunmu a shekarar korona. Ita ce mummunar shekara a aikina. Kwangiloli suka tsaya, kamfaninmu ya sallami sauran safiyoyi, aka bar ni da Isufu. Fita daga gida sai da izini. Mai ginin yana sauri, sai ya ɗauki wasu masu jirgi marar matuƙi suka yi taswirar garin daga sama, suka aiko mini lambobi. Aikina shi ne in lissafa iyakar tsayi in buga hatimi. Bakin kasuwa da kwanar shiga gari suna da tsofaffin ƙusoshin tagulla da aka kafa a ƙasa, kuma ina da lambobinsu a littafina tun wani aiki na baya. Na gwada, suka yi daidai da na jirgin. Ƙofar masallaci ba ta da ƙusa, ban kuma taɓa aunata ba. Na ce tunda biyu sun yi daidai, ta uku ma za ta yi. Lissafi ya ba da hawa goma sha huɗu da ɗakin lif a sama, da ragowar rabin mita a ƙasan layin. Na sa hannu a kan teburin cin abinci a gidana. A tsawon aikina wannan ne karo na farko da na buga hatimi a kan wurin da ƙafata ba ta taka ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka kira mu mu duba ko ginshiƙan ginin suna tafiya a miƙe. An zuba kankaren hawa na tara. Muka gama, muka tafi babban masallaci sallar Azahar. Ina zaune a dakalin ƙofa ina ɗaura takalmi, wani dattijo ɗan garin ya ga rigar aikina. Daga baya na san sunansa Hajji Saif, kuma a wannan dakali yake wuni. Da Larabci muka yi magana.

Ya nuna ginin da sandarsa, ya kira ni injiniya da harshensu, ya ce, "Muhandis, saura hawa nawa?"

Na ce, "Biyar."

Ya ce, "To dutsen ya tafi ke nan."

Na ce, "Ba zai tafi ba, Hajji. Ni na auna."

Ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce, "Daga ina ka auna? Shekara arba'in ina zama a nan, ban taɓa ganinka ba."

Na miƙe tsaye a bakin ƙofar, na miƙa hannu, na rufe ido ɗaya. Wannan awo ne na talaka, amma ba ya kaucewa da yawa. Hawa tara sun ci yatsu huɗu. Tsakanin saman ginin da ƙoƙuwar dutse saura yatsu biyu, wato wurin hawa huɗu da rabi. Mu kuwa biyar suka rage mana, ga ɗakin lif. Sai na ɗaga kai. A samanmu akwai wata faffaɗar rumfa da ta rufe harabar masallacin, shimfiɗaɗɗiya, launin ƙasa-ƙasa, irin launin tayil ɗin harabar. Daga sama babu abin da zai bambanta ta da ƙasa. Jirgin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya auna. A sana'armu sai mu ce jirgin ya kafa sandarsa a kan rufi.

Washegari da fitowar rana muka dawo da na'ura. Muka ɗauko awo daga ƙusar bakin kasuwa, muka kawo shi ƙofar masallaci, muka koma da shi muka rufe, sau biyu. Tsayin rumfar mita biyar da rabi ne. Mutumin da ke cikin lissafina ba a ƙofar masallaci yake tsaye ba, a kan rufin rumfa yake. In aka sauko da shi ƙasa, ginin zai haye layin da kusan mita biyar.

Isufu ya duba littafin, ya sake lissafawa da kansa yana motsa baki da Faransanci. Ya rufe ya miƙo mini.

Ya ce, "Shef, wa ya san wagga magana?"

Na ce, "Ni da kai."

Ya ce, "Ni direba ne. Haka takardata ta ce. Direba mi ya sani ga lissafi?"

Na ce, "Isufu, ka fi ni lissafi."

Ya ce, "Wallahi na fi ka. Shi ya sa nike tambaya. In an ƙare ginin, wa ka zuwa ya auna ya ce ya yi daidai?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Voilà. To ka yi tunani da kyau. Hanya biyu ce, kuma duk wadda ka ɗauka ni ka tuƙa ka."

Ya kamata samari su fahimci abin da ke kan tebur. Takardar kammala gini ni zan sa mata hannu, hukuma kuma takarda take gwadawa da takarda. Da na yi shiru, ginin zai kai goma sha huɗu, tsofaffin masallaci su yi ƙorafi, a ce musu an auna. In kuwa na yi magana, kuskuren da hatimina yake. Ana iya karɓe mini lasisi. Bizata a kan aikin take, ta iyalina kuma a kan tawa. Shekarata hamsin da takwas a lokacin, kuma babu kamfanin da ke neman safiyo mai irin waɗannan shekaru wanda aka taɓa karɓe wa lasisi.

Na buɗe littafin, na ja layi ɗaya a kan tsohuwar lambar, na rubuta sabuwar a gefe. Muka wuce ofis wurin manajanmu, Abu Faris, Balarabe ɗan Sham, wanda muka yi shekara goma sha biyar tare ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba.

Ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya ce, "Habibi, mita biyar! A kan dutse guda! Wa zai gani?"

Na ce, "Wani tsoho ya riga ya gani, da ido kawai."

Ya ce, "To a matsa wurin tsayuwar. Doka ta ce ƙofar masallaci, masallaci yana da ƙofa huɗu."

Na ce, "Ɗaya ce ke kallon dutsen, kuma ita aka zana a taswirar dokar."

Ya tashi ya rufe ƙofar ofis, ya dawo ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Hajji Hamisu, saurare ni. Dokar nan an sassauta ta sau ɗaya. Abin da aka sassauta sau ɗaya za a sake sassauta shi, shuwayya shuwayya, kaɗan-kaɗan. Nan da shekara biyar za a yi hawa ashirin a gefen wannan. Za ka kashe kanka a kan layin da gobe za a goge?"

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma mai yiwuwa ya yi daidai. Na ce masa ranar da aka matsa layin zan ɗauki na'ura in auna sabon. Na yau shi ne wannan, kuma sunana ne a ƙasansa. Ya ce an riga an yi wa mutane alkawarin gidajen hawa na sha uku da na sha huɗu, iyali takwas. Na ce na sani. Ya ce in dole sai na rubuta, in rubuta da sunana, ba a kan takardar kamfani ba. Na rubuta shafi ɗaya, na haɗa da hoton shafin littafina, na kai hukumar da hannuna.

Bayan mako biyu kwamitin hukumar ya kira ni. Shugabarsa wata injiniya ce 'yar ƙasar, mai ƙarancin magana. Mai ginin ya zo da injiniyansa da taswirar jirgi a kan babban allo, mai launi, ana juya ta ta kowane gefe. Ni kuma da littafin fensir. Shugabar ta ajiye takarduna biyu gefe da gefe, ta farko da ta biyu. Ta ce, "Duka biyun hatiminka ne. Da wane Hamisu za mu yarda?"

Na ce, "Kada ku yarda da ko ɗaya, ranki ya daɗe. Ku ba ni safiya ɗaya a ƙofar masallacin."

Akwai wata tsohuwar dabara da muke yi kafin kwamfuta ta iya zana gini a kan hoto. Ana samun babban balan-balan ja, a cika shi da iskar da ke tashi, a ɗaure da igiya mai alama a kowane mita, a sake shi ya kai tsayin da ginin zai kai. Ba ya son iska ko kaɗan, shi ya sa ake yin sa da sassafe. Sai da muka nemi izinin tayar da shi. A lokacin ginin ya kai hawa na goma. Isufu ya hau can da balan-balan da wayar oba-oba. Ni na tsaya a ƙofar masallaci da kwamiti da mutanen mai gini. Hajji Saif da abokansa suna dakalinsu, ba wanda ya gayyace su, ba kuma wanda ya isa ya tashe su.

Na ce, "Isufu, yalla, saki a hankali."

Muryarsa ta riƙa fitowa yana ƙirga mita. Jan ƙwallon ya tashi daga saman ginin, yana hawa a jikin dutsen. Biyar. Takwas. Goma. A sha ɗaya da rabi ya zauna daidai kan tsinin dutsen ya rufe shi. Na ce wa kwamiti nan ne iyakar doka. Isufu ya ci gaba da saki har sha shida da 'yan kai, inda rufin ɗakin lif zai tsaya. Balan-balan ya bar dutsen a ƙasa, ya tsaya shi kaɗai a sararin sama.

Injiniyan mai gini ya ce ba zai yiwu ba, taswirarsu ta nuna akasin haka. Dama na sa an jingina tsani a jikin rumfar. Na ce masa, "Taswirarku daidai take. Hau ka gani." Ya cire kwat ya hau. Ya tsaya a kan rufin ya daɗe yana kallo, sannan ya leƙo ya ce daga nan balan-balan yana ƙasan tsinin da kaɗan, kamar yadda lissafi ya ce.

Hajji Saif ya ɗaga murya daga dakali ya ce, "To ku kai masa tabarma da gahawa can sama. Mu tsofaffi gwiwarmu ba ta hawa tsani."

Shugabar kwamitin ba ta yi dariya ba, amma na ga ta rufe baki da takarda.

An tsayar da ginin a hawa goma sha biyu. Masu zane sun yi ƙoƙarin ceto na sha uku ta hanyar rage ɗakin lif, bai isa ba. Iyali takwas suka rasa gidajen da aka yi musu alkawari, kuma ba jirgi ne ya jawo musu ba, ni ne. Mai ginin bai sake ba kamfaninmu aiki ba. Abu Faris ya yi wata huɗu ba ya gaishe ni sai ta bakin sakatare. Kwamitin ya dakatar da lasisina wata shida. A wasiƙar sun rubuta cewa laifin ya kai a karɓe shi gaba ɗaya, sun tsaya a dakatarwa saboda ni na kawo rahoton kafin a zuba hawan da ya haye layi.

Abu Faris bai kore ni ba. Ya ɗauko wani safiyo mai lasisi ɗan Kerala, sa'an babban ɗana, ya ce in yi aiki a ƙarƙashinsa. Wata shida ina riƙe masa sanda, da furfurata, a filayen Dubai Investments Park. Isufu ya samu abin yi. Kullum sai ya ce, "Shef, miƙe sandar nan, ta karkace. Wa ya koya maka aiki?" Ban ga abin kunya a ciki ba. Sandar ba ta karkace ba ko sau ɗaya, kuma safiyon ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa rufe awo da sauri irin na watannin nan ba.

Lasisina ya dawo kafin a gama ginin. Da lokacin takardar kammalawa ya yi, Abu Faris ya so ya tura ɗan Kerala, don a kauce wa magana. Hukumar ta amsa cewa wanda ya buɗe fayil ɗin shi zai rufe shi. Muka tafi da Isufu da sassafe. Na auna daga bakin kasuwa, na auna daga kwanar shiga gari, na zo ƙofar masallaci na kafa na'ura a kan tayil, ƙarƙashin rumfa. Na karanta rufin ɗakin lif, na karanta tsinin dutse, na maimaita sau uku. Ginin yana ƙasan layi da mita ɗaya da santimita casa'in. Da ido, ƙoƙuwar dutsen tana zaune a saman rufin kamar hula.

Hajji Saif ya taso da sandarsa ya tsaya kusa da ni. Na matsa masa ya leƙa na'urar, ya ƙi, ya ce idonsa ya ishe shi. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Kaɗan ne."

Na ce, "Mita ɗaya da casa'in, Hajji."

Ya ce, "A da duka muke gani."

Wannan ba maganar safiyo ba ce. Masu doka ne suka yanke nawa za a bar masa. Aikina shi ne abin da suka bari ya kai gare shi cif, kuma ya kai. Na zauna a dakalin kusa da shi, na ɗora takardar a gwiwa, na rubuta lambar, na sa hannu, na buga hatimi.